Tifar da Abokinka Ya Nema

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar taka? Na ji an ce likita ya hana ka hawa bene, ni kuwa na san halinka, za ka ce masa to, yana juya baya ka haye. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ɗanka babba an ƙara masa girma a wurin aiki, yanzu ko gaisuwa a tsaye yake yi yana duba agogo, matarsa kuma ta kusa sauka. Goggo tana nan, kunne ya yi nauyi, amma bakin yana nan yadda ka bar shi. Ni ma ina nan da keken ɗinkina, ido ne dai ya fara yi mini gardama wajen zura zare.

Za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna alhali ga waya. Abin da zan faɗa maka ba zan iya faɗarsa a waya ba, in ka karanta za ka gane dalili. Na ga saƙonka cewa ka samo 'yar tifar da abokinka, maigidana, ya daɗe yana roƙonka, kuma ka tambaye ni a asirce ko ka aiko da ita, don muryarsa ba ta kwanta maka ba. Ka kyauta da ka tambaya. Amsar tana da tsawo, sai ka yi haƙuri da ƙanwarka.

Kai ne dai ka jawo mana ciwon 'yan motocin nan, kada ka musa. Shekara talatin ke nan da ka aiko masa da ta farko, 'yar ja mai buɗe ƙofa. Ƙaton makanike, wanda ke wuni a ƙarƙashin motocin gaske, sai ya dawo gida ya wanke hannu har gwiwa kafin ya taɓa abin da bai kai tafin hannunsa ba. Ranar da na kira su kayan wasan yara, wuni guda ya yi bai yi mini magana ba. Yanzu sun haura ɗari biyu a kabad mai gilashi, kowace da wurin zamanta. Shekara da shekaru ina jin ku kuna musu, kai ka ce taka bonet ɗinta yana buɗewa, shi ya ce tasa har sitiyari yana juya taya, ku rabu kowa yana ganin shi ya yi nasara. Da ƙarfi da yaji ya koya mini ma'auninsu: in an ce ɗaya cikin arba'in da uku, to komai na motar gaske an rage shi sau arba'in da uku, daga taya har madubi. Kuma ya ce ba a jera motoci masu ma'auni daban a wuri ɗaya, don ƙarya suke yi wa ido.

Cikin yaranmu Auta kaɗai ya yarda ta buɗe kabad ɗin. Tun tana ƙarama take gane ma'auni da ido, ba sai ta juya mota ta karanta ƙasanta ba. Shi ya koya mata tuƙi, kuma da ta sami aikin jinya a asibitin garin da ke gaba da mu, shi ya zaɓo mata shuɗiyar motar nan ta hannu, ya gyara ta tsaf. Ka tuna ka aiko da 'yar kwafinta, amma fara? Ya zauna ya sake mata fenti shuɗi, har lotsawar da ke ƙofar baya ya sa ƙusa ya yi mata. Auta ta yi dariya har da hawaye, ta ce Baba ko aibin mutum ba ya yafewa.

Abin da ya faru ka san shi kamar yadda kowa ya sani. Shekara biyu da wata huɗu ke nan, da rana tsaka, a kwanar da ke bayan gada, ta haɗu da tifa mai ɗauke da yashi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Abin da ba ka sani ba shi ne, kwana biyu kafin ranar abokinka ya sauya mata birki da hannunsa. Washegarin jana'iza ya je wurin, ya bi kwalta da ido taku bayan taku, bai ga zanen taya ko ɗaya ba. Ya dawo ya ce mini duk wanda ya ga tifa a gabansa dole ya taka birki, in babu zane a ƙasa, to birkin ne bai kama ba. Daga ranar bai sake taɓa birkin kowa a gareji ba, in an kawo sai ya tura wa maƙwabcinsa.

Da aka yi wata huɗu, sai ya ɗauki dogon tef ya koma kwanar, ya auna faɗin hanya, da lanƙwasarta, da nisan gada. Ya dawo ya yaye mayafin teburin cin abinci, ya ɗauki allin ɗinkina, ya raba kowane awo gida arba'in da uku, ya zana hanyar a kan katako. Tun daga lokacin a cinya muke cin abinci. Kullum in ya dawo daga aiki sai ya ciro 'yar shuɗiyar, ya ɗora ta a farkon zanen, ya tura ta da ɗan yatsa ɗaya har kwanar. Matsalarsa ita ce tifa. Guda biyu yake da su a kabad, ɗaya ta yi ƙanƙanta, ɗaya ta yi girma. In ya sa ƙaramar, sai Auta ta wuce ta gefe da sauran fili. In ya sa babbar, sai ta cinye hanyar gaba ɗaya, ko keke ba zai wuce ba. Sai ya goge wani wuri, ya sake awo, ya sake turawa. Shi ya sa ya dame ka da neman tifa mai ma'auni ɗaya da motarta.

Yaya, ba ka san ƙarar ƙananan tayoyin nan a kan katako ba. Ba ta da ƙarfi, kamar a ja zare a kan takarda ne, amma ta fi ƙarfin kekena. Ina cikin ɗinki sai in ji ta, ƙafata ta tsaya da kanta, in zauna ina jira in ji inda za ta tsaya. Daga baya na fara jinta ko ba ya gida. Da hantsi, gida shiru, in leƙa falo in ga tebur babu kowa, motar tana cikin kabad a rufe, amma kunnena ya rantse ya ji. In na zo goge ƙura, ita kaɗai nake tsallakewa. Sau ɗaya na ɗauke ta na leƙa ta 'yar tagar, na ga kujerar direba da ɗan sitiyari babu kowa, na yi maza na mayar da ita wurinta. Shi kuma ya rame, wandunansa duk na rage musu ƙugu sau biyu. Mutane suna cewa baƙin cikin rashi ne, ni kuwa ina kallonsa yana cin kansa a kan laifin da na san ba nasa ba ne.

Na san ba nasa ba ne domin nawa ne. Ranar, Auta ta kwana a gida, ta taya ni yanka wani yadi da safe, ta yi sallama ta tafi. Bayan ta fita na nemi almakashina na rasa, ga mai kaya tana zaune tana jira. Na kira ta, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Raina ya ɓaci, na kira na uku. Ka san ni da faɗa a kan waya, ni da bakina na sha gaya wa yaran nan cewa duk wanda ya bar kiran uwarsa ya katse sau uku ba shi da tarbiyya. Sai ta ɗauka. Ta ce, "Umma, ina tuƙi, bari in..." Daga nan sai wata ƙara da ba zan kwatanta maka ba. Layin bai katse ba. Na ji wani abu yana ɗiga, na ji muryoyin maza daga nesa suna salati. Na kashe wayar, na ce wa kaina layi ne ya haɗu da na wasu, na juya na ci gaba da auna mai kaya. Da na tashi daga kujera, sai ga almakashin a ƙarƙashin matashin da nake zaune a kai.

Ba ta taka birki ba ne saboda idonta yana kan wayar, shi ya sa babu zane a kwalta. Wata ashirin da takwas ina riƙe da wannan, ko Goggo ban gaya wa ba. Kullum ina ƙarasa mata maganar a raina: bari in tsaya, bari in kira ki, bari in wuce kwanar nan. Sau nawa na tsaya a bayansa yana tura motar, na buɗe baki, sai in ji na tambaye shi ko in kawo masa ruwa. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron ya ɗago ya dube ni da idon da yake duban kansa. Na bar bawan Allah yana ƙonewa don in tsira da mutuncina a gidana, kuma na san wannan ya fi kiran wayar muni.

Saƙonka ne ya karya ni. Na san in tifar ta iso, awonsa zai fito daidai, ko ya kama kansa da laifin ƙarya har abada, ko ya gane akwai abin da bai sani ba. Shekaranjiya bayan la'asar na same shi a tebur, na ja kujera na zauna a gefen da gadar take. Na faɗa masa komai, har almakashin. Ban yi kuka ba sai da na gama. Shi kuwa bai ɗago ba, yatsansa yana kan rufin motar. Can ya tashi, ya jawo aljihun ƙasan kabad inda yake ajiye fenti da ƙananan burushi, ya ciro wani abu a naɗe cikin tsumma ya ajiye a gabana. Wayar Auta ce, gilashin ya farfashe. Ashe 'yan sanda sun ba shi ita tare da jakarta tun a makon farko, ya kai wa mai gyara ya kunna masa, ya ga kira na ƙarshe da sunana da lokacinsa. Kuma ashe ya je inda aka ja motar, ya kwance birkin da hannunsa, ya same shi lafiya ƙalau.

Na tambaye shi to me yake nema a kan teburin nan shekara biyu. Ya ce, "Nawa kason nake nema. Na ce ko taya ce, ko sitiyari, ko ban koya mata shan kwana da kyau ba. In na samo ko kaɗan ne, sai in zo in ce miki ba ke ba ce, ni ne, kuma in faɗa da gaskiyata." Ya ce ya san ina sauraron tayoyin daga ɗaki, ya so in riƙa jin cewa maganar ba ta ƙare a kaina ba. Yaya, ni ina ɓoye masa don kada ya tsane ni, shi yana ramewa don ya ɗauke mini. Muka zauna a nan har aka kira magariba.

Da zai fita masallaci na gaya masa ka samo tifar. Ya daɗe a bakin ƙofa yana neman takalmin da ke gabansa. Ya ce ya roƙe ka ne don makanike ba ya barin aiki rabi, amma ya riga ya san abin da za ta nuna: hanya ta isa, mota lafiyarta lau, ba za a bar masa komai ba. Muddin tifar ba daidai take ba, yana da sauran wurin nema. Sannan ya ce in gaya wa yayana kada ya yi gaggawa.

To, ga amsarka. Kada ka aiko da ita. In ya kira ka ya tambaya, don na san zai tambaya saboda kunya, ka ce masa kana nan kana dubawa, ko da yake ya san ka samo, ku koma musunku na bonet da sitiyari. Ni ban sani ba ko daidai muke yi, na dai san teburin nan shi ne abin da ya rage masa da zai yi mini, kuma ba zan iya karɓe masa ba. In ka riga ka saya, ka sa ta can bayan sauran a kabad ɗinka, ka riƙe mana ita. Ka sa mu a addu'a, ka roƙa mini gafarar Allah, don ni har yanzu in na ɗaga hannu sai in rasa ta inda zan fara.

Ka gaishe mini da Anti sosai, ka ce ban manta da ɗinkinta ba. Ka gaida babbar 'yarka da maigidanta, da 'yan biyu, da takwarata. Goggo da ɗanka babba suna gaishe ku. Abokinka ma yana gaisuwa, bai san na rubuto ba, amma na san zai so in faɗa. In ka gama karantawa kada ka kira ni, ka rubuto.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Uwar Auta