Keken Sani Yana Saman Bene

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya maigidanki da yara? Mu nan Unguwar Dosa lafiya lau.

Na je nema wa ƙanenmu Sani keken guragu na gwamnati, kamar yadda kika ce. Ofishin naƙasassun, wai a saman bene yake! Jami'in ya ce sai ya ga Sani da idonsa. Na ce yana ƙasa cikin mota, ya leƙa mana. Wai shi ba ya sauka. Haka na goya Sani har sama, ina haki. Mutumin ya ɗago kai ya ce, "To, ai ga shi ya hau. Keken me kuma?"

Ki gaida kowa, ki sa Sani a addu'a. Jami'in kuwa, ki bar min shi.

Ƙanenki,
Bala