Takardun Hutun Balkisa Uku Suna Cikin Durowata

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karanta shi. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda ya shirya yi mini wa'azi kuma ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin duk abin da zai faɗa mini na riga na faɗa wa kaina.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, majo ta wani ƙaramin asibitin gwamnati a nan Wagadugu, wato ni ke tsara wa ma'aikata ranar aiki da ranar hutu. A Zango, unguwar Hausawa, aka haife ni, nan nake zaune. A asibitinmu mu biyu kaɗai ke jin Hausa, ni da wata ungozoma da zan kira Balkisa, ba sunanta ba ne. Wanda bai san Zango ba ba zai gane nauyin wannan ba. Matar direban da aka kawo daga Nijar bara, ba Faransanci ba Mosanci, wa za ta nema? Mu. Tsohuwar da ba ta yarda baƙo ya taɓa jikinta? Mu. Ina tsakiyar yi wa wani allura a ƙwala mini kira in zo in yi tafinta. Idan mun tashi aiki ma ba mu tashi ba, don za mu tarar da mata a tsakar gida da katin awo a hannu, wannan jaririnta ya ƙi nono, waccan a karanta mata takardar magani. A gidan suna an taɓa ja na ɗaki in duba ƙafar wani tsoho, kwanon shinkafata na hannuna. Ki ce kin gaji, kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa 'yar Alhaji ta yi boko ta raina mutane.

Ni ina iya ɗaure fuska. Balkisa ba ta iya ba, bakinta bai san a'a ba. Bara da damina ta fara ramewa, ta ajiye almakashi ta manta inda ta sa. Ranar nan ta shigo ofishina da takardar neman hutu. Dokar ita ce in sa hannu in tura ofishin likitan gunduma, su ne masu amincewa.

Ta ce, "Yaya, kaina kamar ana daka cikinai. Sati biyu kawai nika so, in tahi Ƙonni wajen innata in yi barci."

Na ce to. Tana fita na jawo durowa na sa takardar a ƙarƙashin tsofaffin rajista na rufe. Me ya sa? Saboda lokacin zazzaɓin sauro ne, yara kwance har baranda, kuma in ta tafi duk Zango a kaina za ta faɗo ni kaɗai. Ni shekarata uku ban ga hutu ba, wa ya tambaye ni? Sau nawa na rubuta a ƙaro mana ma'aikata suka ce in yi haƙuri? Na ce wa kaina damina na wucewa zan tura. Damina ta wuce, rigakafi ya zo. Ta rubuta ta biyu, ta bi ta farko. Ta rubuta ta uku. Duk sanda ta tambaya in ce ba su amsa ba tukuna, har in zauna in taya ta zaginsu, in ce mutanen nan ba su da imani. Abin da ya fi ƙona ni, ita ce ke ba ni haƙuri. "Yaya, bar ɓata ranki sabili da ni, kin yi iyakar ƙoƙarinki." Ina jin ta, durowar na taɓa gwiwata.

Wata uku ke nan, ranar awon masu ciki da safe, tana riƙe da abin awo ta yanke jiki ta faɗi. Hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yanzu tana gida, ta fara takawa da sanda, amma hannun bai ɗaguwa, magana kuma sai da ƙyar.

Ku ji abin haushi. Sai da ta faɗi manyanmu suka tuna ma'aikata mutane ne. Suka tara mu a ɗaki mai sanyi, wai horo kan yadda za a kare ma'aikatan lafiya daga gajiyar aiki. Wani mai kwat ya ce mu riƙa jan numfashi a hankali, mu riƙa faɗa wa shugabanninmu damuwarmu. Numfashi zai karɓi haihuwa? Kuma ni aka zaɓa in koma in koya wa sauran. Mutanen unguwa su ma ina cike da su. Da idona na ga wata ta zo gaishe ta, bayan addu'a ta zaro katin awo ta miƙa mata a kan gadon jinya. Ina jin haushin kowa, kuma na san ba ɗayansu ne ya ɓoye takardun a durowar nan ba.

Mijin Balkisa direban babbar mota ne, tsakanin nan da Yamai. Ya ɗauki fushinsa ya je ofishin gunduma ya tambayi dalilin da suka hana matarsa hutu har sau uku. Sakatare ya buɗe rajista shafi shafi, babu takarda ko ɗaya. Likitan ya zaunar da shi ya gaya masa cikin lallashi cewa irin wannan ciwo yakan rikita tunani, mutum ya tuna abin da bai faru ba. Yanzu maganar da ke yawo a Zango ita ce ciwon ya taɓa mata kai. An kuma ce in har tunaninta ya taɓu, ko aikin zama a tebur da take fata ba za a maida ta ba.

Jiya bayan la'asar na je duba ta, mijin na zaune a bakin ƙofa. Ta kama wuyan hannuna da hannun hagu ta matse, ta yi ta fama da harshenta har kalmomin suka fito.

"Yaya... ke na ba. Ke kin gani. Gaya mai."

Kun san abin da na ce? Na gyara mata matashi na ce, "Ki huta tukuna ƙanwata, za mu yi maganar in kin ji sauƙi." Ta saki hannuna ta tsaya tana kallona. Mijin ya rako ni har inda na ajiye babur ɗina, idonsa ya yi ja, ya ce, "Majo, Allah shi saka miki. Na gode da ba ki ƙaryata ta gabana ba."

Ranar Alhamis za a zauna kan batun komawarta aiki. Likitan gunduma ya ce in kawo layi ɗaya a rubuce da sa hannuna, ta taɓa neman hutu ko ba ta taɓa ba. In na fito da takardun, aikina na iya tafiya, kuma ban san da wace fuska zan ratsa Zango ba, ni da 'ya'yana. In na rubuta ba ta taɓa ba, na sa hannu cewa mai hankali ba ta da hankali, alhali ita da ni mun san gaskiya, kuma ita bakinta ba zai iya kare ta ba. Ba na neman a ce mini ba laifina ba ne, laifina ne. Ku gaya mini kawai, kafin Alhamis, ni me zan yi?