Inna, Yaya Asabe Ta Ƙi Wuƙar Likita

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinta da ke gindin dutse, gabas da ƙauyenmu na ƙasar Roni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya yalwata inda kike, Ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi. Ni ne Sabi'u, autanki. Kin san a aji huɗu na tsaya, sai ki yi haƙuri da rubutun. Kwana uku ke nan ina danna shi a waya ina gogewa. Na san ba za ki karanta ba. Akwai wadda nake so ta ji, amma bakina ba zai buɗe a gabanta ba sai na fara faɗa miki.

Inna, abin nan ya dawo gidanmu. Yaya Asabe ce. A mama na hagu, daidai inda naki ya fara.

Ta ɓoye shi tun kaka, kamar yadda kika ɓoye. Ranar da na kai mata gyaɗa gidanta a Gwiwa na gane. Da hannun dama ta ɗauki tulu, da shi ta sauke, na hagun yana manne da haƙarƙari kamar mai riƙe da ƙwai a hammata. Haka kike yi. Na ajiye mata gyaɗar. Na fito zaure na zauna a ƙasa.

Da ƙyar ta yarda muka je asibiti a Kazaure, suka tura mu Kano. An ɗebi ɗan nama an auna. Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce ciwon daji ne, amma bai yi nisa ba tukuna. A yi tiyata a cire, a bi da magani ta ƙarin ruwa. An ba mu rana, Alhamis mai zuwa. Yau Lahadi.

Yaya ta ce ba inda za ta. Hujjarta biyu, ɗaya a bakinki ta samo, ɗaya a nawa.

Taki kin san ta. "Daji ba ya son ƙarfe. Ka taɓa shi da wuƙa, ya bazu." Kin kama hannuna kin ce ko hankalinki ya gushe kada in bari a sa miki wuƙa. Na yi alkawari, na kuma cika. Na je har Babura neman sassaƙe. Na daka ganye, an shafa, an turara. Da wurin ya fashe, ni nake wanke tsummokaran a bayan rumbu don kada matan unguwa su ji warin su yi ta kai maganarki. Mutane suka ce Sabi'u ɗan albarka ne, bai tsallake maganar uwa ba.

Tawa kuwa, ga yadda aka yi. Bayan mun dawo daga Kano, ina ɗaure shanu da hantsi, rediyo na rataye a reshen darbejiya, sai na ji ana shirin lafiya. Wai a jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi da suke yi wa jiki gadi, kamar sojoji. Daji yakan wuce su ne saboda daga naman mutum yake tsirowa, sai su ɗauka ɗan gida ne. To wai a wasu ƙasashe likitoci suna ɗebo sojojin nan daga jikin mara lafiya, su ware waɗanda suka gane abokin gaba, su hore su, su yi kiwonsu har su yi yawa, sannan su mayar masa da kayansa su shiga farautar ciwon.

Na tsaya da igiya a hannu. Inna, ai wannan sana'ata ce.

Ke kika fara cewa in bar makaranta ba komai, tunda shanu suna jin maganata. Kin sha zama a bakin ƙofa kina kallo ina hora ɗan sa. A fara sa masa karkiya ya yi ta tirjiya. A haɗa shi da tsohon da ya san hanya. A ɗaura musu gungume su yi ta ja a fili, yau, gobe, jibi, har ranar da zai bi kunyar huɗa miƙe ba tare da an daka masa tsawa ba. Ƙarfin nasa ne tun farko, hanya kawai ake nuna masa. Kikan ce, "Wannan yaron, haƙurinsa ya fi na shanun."

Ko ruwa ban ba su ba, na hau babur sai Gwiwa. Na kwashe labarin duka na faɗa wa Yaya. Ranar ta yi dariya, karo na farko tun da aka faɗa mata sunan ciwon. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Ranar ganin likita na koma Kano ni kaɗai. Na naɗe hannun riga na ce a ɗebi nawa jinin, ni ƙato ne, ban taɓa kwanciya ciwo ba, a hora nawa sojojin a zuba mata. Na ɗauka kamar jinin da muke bayarwa ne idan mace ta zubar wajen haihuwa. Likitar ba ta yi mini dariya ba, Allah Ya saka mata. Ta ce a irin wannan aikin nata ake so, don jiki yakan ɗauki na wani a matsayin baƙo, su kama faɗa da juna. Ta ce ba a yin sa a nan. Can ma inda ake yi, a kan ciwon mama gwaji ake har yanzu, wasu ya taimake su, wasu bai yi ba, kuma galibi waɗanda ciwonsu ya yi nisa ake gwada wa. Ta ce abin da Yaya take da shi yanzu, wanda wasu matan suke kuka don sun rasa, shi ne lokaci.

Na mayar wa Yaya wannan ma, kalma kalma. Rabin farko ta riƙe, ta zubar da sauran. Ta ce tunda an fara, zai iso, za ta jira wanda babu wuƙa. Duk na shiga gidan sai ta ce, "Auta, sojojin naka sun iso Kano?" Mijinta Malam Idi mutumin kirki ne, ya lallashe ta har ya gaji, ya ce jikinta ne, ba zai ɗaure ta ba.

Na ce mata gona ba ta jiran ɗan sa ya gama koyo. In ruwa ya sauka, da garmar hannu ake shiga, ko baya zai karye. Ta ce, "Kai da shanunka. Inna ta san abin da ta faɗa."

To, Inna, nan ne wurin.

Ana gobe za ki rasu, da la'asar, Yaya ta fita murhu ɗumama miki kunu. Kika ɗaga zanen kika dubi wurin, kika daɗe kina duba. Sannan kika dube ni kika ce, "Sabi'u, da ka ƙi jin maganata. Da ka ɗauke ni ka kai." Sau biyu kika faɗa. Da Yaya ta shigo ta tambayi me kike cewa, na ce ruwa kike so.

Shekara huɗu ina ɗauke da wannan. Ban faɗa wa kowa ba, don "ɗan albarka" yana da daɗin ji, kuma ina tsoron a ce ga wanda ya zauna yana kallo. Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma an ce mu nemi magani, ni kuwa na zauna ina haƙuri a inda ba haƙuri ake so ba. Yanzu Yaya tana riƙe da maganarki ta farko, za ta bi ta har rami, alhali ta ƙarshen tana cikina.

Ki yafe mini, zan faɗa mata. Ba tona miki asiri nake ba. Saƙonki ne na riƙe, zan isar.

Gobe zan je Gwiwa in zauna a bakin ƙofarta in karanta mata wasiƙar nan da kaina, ko ina tuntuɓe a kan kalmomin. Wataƙila ta ce ƙirƙira na yi don in kai ta Kano. Wataƙila ta yarda, ta ce shekara huɗu ina kallon idonta ina mata ƙarya. Ta faɗa. Gara ta yi shekara talatin ba ta amsa gaisuwata, da in sake wanke tsumma a bayan rumbu.

'Yarta ƙarama, takwararki, har yanzu ba ta iya ɗaura zane ba. Idanunki ne sak. Ita nake kallo in rasa inda zan sa kaina.

Na gaya wa mai motar Kano ya ajiye mana kujera biyu ranar Laraba. Ya tambaye ni ko tabbas biyu ne. Na ce ya ajiye.

Ya Allah, Ka jiƙan Inna, Ka haskaka kabarinta, kada Ka kama ta da abin da ta faɗa cikin tsoro. Ka yafe mini shirun da na yi. Masu horar da sojojin jinin nan, Ka ba su nasara, aikinsu ya iso har ƙauyukanmu kafin wata uwa ta buƙace shi. Ka tausasa zuciyar Yaya Asabe kafin Laraba. Ka sa kujerar nan ta biyu kada ta tafi Kano babu kowa. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

Autanki,
Sabi'u mai shanun huɗa