Har Yau Ba Mu Binne Malam Sabo Ba

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara? Ya ƙafar Inna?

Abokinka Malam Sabo na unguwar Plumstead ya rasu, kuma har yau ba mu binne shi ba, domin masu haƙa kabari suna yajin aiki. Mun ɗauki shebur mu haƙa da kanmu kamar a gida, muka tarar da maƙabartar a kulle.

Kowa na cewa Firayim Minista ya gaza, ya sauka kawai. Ni kuwa kullum ina koya wa ɗalibaina cewa a jira zaɓe. Jiya Binta, 'yar Malam Sabo, ta tambaye ni a aji, "Malam, Baba ma zaɓen zai jira?"

Ku sa shi a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Isa