Ina Kishin Ƙanena a Kan 'Yata

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Wallahi saura kaɗan in fasa rubuto wannan, don na san za ku yi mini dariya, ƙato da furfura a gemu. Ku yi dariyarku, amma don Allah kada ku yanke mini hukunci, kuma a sakaya sunana.

Ni direban babbar mota ne a Birnin Kudu. Ikko, Fatakwal, Maiduguri, har Yamai, ba inda ban taka ba tun ana kashe fam da sule. Sai da girma ya kama ni Allah ya ba ni haihuwa, 'ya mace. To kun san mu da kunyar ɗan fari: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane. Uwarta kuwa 'yar Fagam ce ta ƙasar Gwaram, jinin Fulani, kunyarta ta ninka tawa. Ta ba ta nono ta ajiye, kamar aronta aka ba ta.

Sai ƙanena, bari in kira shi Sale, tela ne a zaurenmu. Shi ba ruwansa. Ya kwantar da ita rub da ciki a tabarma kusa da kekensa, ya ajiye jan ƙyalle ɗan nesa don ta miƙa hannu. Ya zuba tsakuwa a ɗan gora ya toshe, ya kaɗa ta dama ta juya, ya kaɗa ta hagu ta juya. Ya rufe fuska da hula: "Ina Baffa? Ga Baffa!" Ta ce "ba-ba-ba", ya ce, "Allah, Hajiya? Sai aka yi yaya?" Ni kuwa ina kan benci rungume da rediyo, wai labarai nake ji, alhali zuciyata tafasa take.

Na sayo mata 'yar tsana ta roba daga Ikko, na faki idon mutane na miƙa mata. Ta dube ni kamar mai karɓar haraji, ta tsala ihu, ta miƙa wa Sale hannu. Ya ce, "Yaya, muryarka ce ba ta sani ba, ka riƙa yi mata magana." Ni zai koya wa? Ni da na goya shi?

Ga abin kunyar. Na samo masa aiki wurin wani tela a Fatakwal, na ce kuɗin mai can suke zuba, zaman gida ba nasa ba ne. Har da hawayensa yana gode mini. Ni na kai shi da motata, dangi sai sa mini albarka suke yi. Ni kaɗai na san korarsa na yi.

Yanzu zaure shiru. Yarinya tana ci tana sha, amma ta daina "ba-ba-ba", rarrafen da ta fara ma ta bari. Inda aka ajiye ta nan za ka same ta, tana kallon wurin da keken yake a da. Na gwada, wallahi na gwada. Na tura ƙofa na ɗauko goran na durƙusa gabanta. Ni da nake tara tasha guda da labari, bakina ya ƙi buɗuwa! Ina jin takun mutum na cusa goran a aljihu na miƙe.

Jama'a, me zan yi? In dawo da Sale in faɗa masa gaskiya, in ci gaba da kallonsu daga benci? Ko in ajiye kunyar in zama abin nuni a gari?

Jiya na tsugunna gaida Inna mahaifiyata, aljihuna ya yi ƙara. Ta dube ni ta dubi aljihun, ta ce, "Wannan goran, kai za ka kaɗa mata, ko kai ma jira kake a kaɗa maka?"