Taken da Babana Ya Rufe Na Saka a Kaset Ɗina

Daga akwatin admin: wani ɗan guruf ne ya turo, ya ce a ɓoye sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ban taɓa tofa tawa ba, yau ga shi ta kawo kaina. Don Allah ku ba ni shawara. Wata tsohuwa ce da jinta ke ƙarewa take roƙon in jiyar da ita wani kiɗa, ni kuma na rantse wa mahaifina kafin ya rasu cewa ba zan ƙara bari a ji shi ta hannuna ba. Sunayen da zan faɗa duk na canja su.

Ni mutumin Yelwan Yawuri ne, gidanmu gidan kiɗa ne tun kaka da kakanni. Babana makaɗin masunta ne, kalangu yake kaɗa wa Sarkawa a bakin ruwa, Inna zabiya ce a gidajen biki, yayana shi ke yi wa Baba amshi. Ni ne autan maza, kuma ni ne na lalace, in ji su, don ni waƙar fiyano ta ɗauke mini hankali, irin wadda ake sa wa a shagon mai kaset matasa su taru. A aikin Baba kowane masunci da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da aka yi domin shi kaɗai. Jirginsa na tunkaro gaɓa Baba zai saki taken, ko ba ka ɗaga kai ba ka san wa ya dawo. Kuma muna da ƙa'ida a gidanmu, in mai take ya mutu, bayan an yi arba'in Baba zai je inda mamacin yake ɗaure jirginsa ya kaɗa taken sau ɗaya, shi ke nan an rufe shi. Ba a ƙara kaɗawa, ba a ba wani, ko ɗansa sai dai a yi masa nasa.

Akwai wani masunci, zan kira shi Audu. Duk cikin taken da Baba ya yi babu mai daɗin nasa. Hadari ya same shi a tsakiyar tafki, jirginsa ya hau kan kututturen itacen da ruwan dam ya shanye, sai bayan kwana uku aka ga gawarsa. Ya bar mata, zan kira ta Hajo, da jariri a bayanta. Ranar da aka rufe takensa ni na riƙe wa Baba takalmi a bakin ruwa, don babu takalmi yake tsayawa in zai rufe take. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri cewa ban sani ba.

Bayan shekara uku da wannan, lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, kowa na ji da kansa, na tafi Kano yin kaset ɗina na farko. Shekaruna ashirin da biyu, kaina ya fi buhun gero girma. Waƙa bakwai na tafi da su, mai situdiyo ya ce sai an ƙara ɗaya kafin kaset ya cika. Mai fiyanon ya ce duk waƙoƙina irin na kowa ne, ba ni da wani kiɗa na garinmu? Sai na kaɗa masa taken Audu da yatsu a kan tebur. Ya ce in maimaita. Ya ɗora shi a fiyano, ya ƙara masa sauri, ya yanke wani wuri don ya yi daidai da rawa, ni kuma na ɗora waƙar soyayya a kai, ina kiran masoyiya ta zo mu haye ruwa tare. A raina na ce Kano ina, Yawuri ina, kuma abin da ya bi ta cikin inji wa zai gane shi.

Ashe ni kaɗai ne wawa a garin. Ranar da kaset ya iso kasuwar Yelwa, mai shagon ya sa shi a lasifika, kafin in buɗe baki a waƙar tsofaffin da ke layin kifi sun ɗago kai. Matasa kuwa ba ruwansu, waƙar nan ita suka ɗauka suka bar sauran bakwai ɗin. 'Yan kabu-kabu na rera ta, a gidan biki ita ake rawa da ita, yara na bina suna kiran sunana. Rumfar Hajo ta busasshen kifi tana kallon shagon mai kaset, taku goma bai kai ba. An ce mini sati biyu ta yi tana zaune a wurin tana ba mutane canji, ana tiƙar rawa da taken mijinta a gabanta. A sati na uku ta kwashe kwandunanta ta koma Wara wajen 'yan'uwanta.

Baba bai dake ni ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya sa na kawo rediyo tsakar gida, ya saurari kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe, ya ce in mayar da wannan waƙar. Da ta ƙare ya ce, "Kai ka riƙa man takalmi rannan, ko ba kai na ba?" Na ce ni ne. Ya ce, "To abin da nir rufe gaban idonka shi kab buɗe." Washegari ya shiga jirgi har Wara ya ba Hajo haƙuri, ya dawo ya rataye kalangunsa. Masunta suka yi ta zuwa roƙo, yana ce musu wa zai yarda a yi masa take a gidan da ke kai taken mamaci kasuwa. Inna ta yi wata ba ta amsa gaisuwata. Yayana, da kiɗan nan ne abincinsa, ya koma tura jirgin haya, har yau in muka zauna akwai abin da ke tsakaninmu.

Baba ya sa na bi shaguna na tattaro abin da ya rage na kaset ɗin, na ƙone su a bayan gida yana tsaye. Ya sa na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan ƙara bari a ji taken Audu ta hannuna ba, da kalangu ko da inji. Ya tambaye ni ko duka ke nan, na ce duka ke nan. Ƙarya na yi. Na ɓoye ɗaya, wanda mai situdiyo ya fara ba ni, da hotona a jiki na sa tabarau kamar ɗan sanda. Baba ya rasu bayan shekara shida yana ganin babu saura. Kaset ɗin da mutane suka saya kuwa zamani ya cinye su. Ni ban ƙara waƙa ba, na koyi gyaran injin jirgi, shi nake yi a bakin ruwa har yau. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, ba wanda ya taɓa jin ina yin ko da fito da baki.

Satin da ya wuce ina kwance injin wani sai ga mutum ya yi sallama, magidanci da gemunsa, ya ce shi ne Sanusi ɗan Audu. Jaririn nan ke nan. Na ajiye sifana ina jiran zagin da ya yi shekara talatin a hanya. Sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce innarsa ce ta aiko shi. Idonta ya tafi, kunne ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya, kuma a asibiti an ce shi ma tafiya yake. Tana so ta ji taken mijinta kafin ya rufe. Sun bincika an ce musu Baba ya rasu, yayana bai taɓa riƙa kalangu ba, ni kaɗai na rage. Na fara ba shi haƙuri kan abin da ya faru, ya tare ni. Ya ce, "Kawu, Inna ta ce in hwaɗa maka gaskiya, ba wai ta yahe ba na. So takai ta ji."

Ya kamata a ce na ji wani abu, kuka ko kunya ko tsoro. Ban ji komai ba. Na ce masa ya ba ni kwanaki, na koma na ƙarasa ɗaure injin, har na yi wa mai shi tsiya kan man da yake zubawa. Wannan rashin jin komai ɗin shi ya fi ba ni tsoro, in ma tsoro ne.

Na je na ciro kaset ɗin, na aro tsohuwar rediyo wajen wani mai shayi. Yana yi, bai lalace ba. Na ji muryar wani yaro mai rawar kai yana kiran budurwa su haye ruwa a kan taken mutumin da ruwa ya ci, kuma babu yadda za a cire muryar a bar kiɗan. Sai na ce to in dai karya rantsuwa ce gara in karya ta da mutunci, na sauko da kalangun Baba na kai aka sake masa fata. Na zauna zan kaɗa taken yadda Baba ke kaɗa shi, hannuna ya ƙi. Duk yadda na yi, na fiyanon nan mai sauri shi ke fitowa. Wurin da mai fiyano ya yanke na neme shi a kaina na rasa. Na asalin ya tafi da Baba, abin da ya rage a duniya shi ne wanda na ɓata.

Yayana ya ji sautin kalangu ya shigo, ya ga kaset a kan tabarma. Mun yi kaca-kaca, ko in ce shi ya yi, ni ina zaune. Ya ce na kashe sana'ar gida, na yi wa mahaifinmu ƙarya da hannuna a kan Alƙur'ani, yanzu kuma zan bi shi kabari in ƙara. Ya ce in na kai wa Hajo wannan abin babu ni babu shi. Matata kuma ta ce rantsuwa tana da kaffara, in yi azumin ko in ciyar in kai wa baiwar Allah abinta, ai don ita aka yi rantsuwar tun farko. Na san kaffara tana nan. Amma ba kaffara Baba ya nema a wurina ba, kuma ban sani ba ko abin da zan kai mata mijinta ne ko kuwa kasuwar Yelwa ce zan sake kai mata har ɗaki.

Da Sanusi zai tafi rannan ya kai bakin jirgi ya dawo. Ya ce shi fa bai taɓa jin taken ba, innarsa ba ta taɓa bari a sa kaset ɗin kusa da shi ba, labari kawai yake ji. Ya ce, "Kawu, ƙaƙa yake? Mai daɗi na?" Na ce masa mai daɗi ne. Yatsuna suka fara motsi a kan murfin injin, na cusa hannun a aljihu.

Jibi zai dawo da jirgin safe. To 'yan'uwa, me zan yi? In ba shi kaset ɗin da waƙar banzar da ke kai? In bi shi Wara da kalangu in kaɗa rabin abin da na tuna, in ce mata shi ne? Ko in ce masa duk sun ƙone, kamar yadda na ce wa Baba? Malamai da masu iyaye tsofaffi, ku taimake ni ku amsa da wuri, don ya ce kullum sai sun ƙara matsawa kusa da ita kafin ta ji.