Muryar da Ta Kira Ɗan Azumi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Babban Likitan Ƙwaƙwalwa na Ikko gaba ɗaya, zuwa ga Hajiya Iyatu a Daura.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ya ƙafa, ya jama'ar gida. Kada ki yi mamakin ganin takardata da ajami. Mu manyan likitoci babu rubutun da ba mu iya ba.

Na rubuto ne kan ɗanki Ɗan Azumi, mahauci a kwatar Agege, wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye wata takwas da suka wuce. An ce kin yi waya kin hana a ba shi ƙwayarmu, kin kuma ce Shamsu direba ya ɗauko shi a tirela ranar Asabar ta sama a kawo shi gida, wai marigayi ɗanki Abdulbaƙi ne ke kiransa. Hajiya, ki saurare ni.

Na san abin da ban tsoro. Da rana yake zuwa. Yana zaune a tabarma sai ya ɗaga hanci ya tambaya wa ke babbaka, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba a gidan. Sai ya juya kai a hankali wajen ƙofa, idonsa a kafe, kamar mai kallon baƙo yana cire takalmi. Daga nan hannun nan da ya mutu, wanda ko ƙuda ba ya iya korewa, sai ya fara motsi shi kaɗai, gaba da baya, gaba da baya, kamar yana wasa wuƙa. Sannan jikin duka ya ɗauka, ya faɗi yana jijjiga. In ya farfaɗo bai san an yi ba, sai barci. Matarsa Batulu ta ware masa kofi don tsoron yawunsa. Maƙwabta Yarabawa da ke shigowa gaishe shi sun koma gaisuwa ta taga.

To ga bayaninmu. Ranar da jini ya toshe masa a kai, wurin ya warke amma ya bar tabo. Tabon nan kamar wayar lantarki ce da ɓera ya ci, tana zaune lafiya, can sai ta yi tartsatsi. Tartsatsin ne farfaɗiya. Shi ke kawo warin, shi ke juya kan, shi ke motsa hannun. Ba a ɗaukarta a yawu. In ta tashi a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. Wancan karon haƙorin Baba, wato majinyacin, har ya gutsure. In ta wuce minti biyar, ko ya tashi da wani rauni sabo, a ruga asibiti. Ƙwayar kuwa safe da yamma, ba fashi. Addu'a a ci gaba da yi. Amma kwana biyu a tirela babu magani, in ta kama shi a daji fa?

Saura maganar murya. Batulu ta rantse miki ta ji muryar Abdulbaƙi ranar da ciwon ya fara tashi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta ji.

Kaka, na gaji da rigar nan, ta yi mini yawa. Na san tun layin farko kika gane hannuna, don ke kike duba rubutun allona lokacin da nake wurinki. Uwaisu ne, mijinki na Agege. Bayanin duk na likita ne, ni na raka Baba na haddace shi kamar hadda. Na ari sunansa ne saboda tun ranar da na ce miki akuyarki ta haifi 'yan biyar ba ki ƙara yarda da ni ba.

Muryar tawa ce. Wata shida Baba bai yi dariya ba. Na tuna yadda Baba Abdulbaƙi ke leƙowa da safe yana kiransa a tafi kwata, da 'yar shaƙewar nan tasa. Na laɓe bayan ƙofa bayan azahar na kwaikwayi muryar, don ya zage ni ya yi dariya. Ya juyo, ya amsa, ya faɗi. Na faɗa wa likita ina kuka, ya ce tabon yana nan tun kafin wasana, da ni da babu ni zai yi tartsatsi. Inna Batulu kuwa na kasa faɗa mata har yau.

Tun da ya fara shan ƙwayar abin bai dawo ba. Kwana huɗu da hanawarki, jiya bayan la'asar ina zaune a gabansa, bakina a rufe, ya ɗaga hanci. Ya juya wajen ƙofa ya amsa. Wallahi Kaka sai da na waiwaya. Labule ne kawai, ko motsi ba ya yi.

Ƙwayar tana aljihuna. Inna ba za ta ba shi ba sai ta ji daga bakinki. Ki kira ta ranar da takardar nan ta same ki. In kina shakka, ki ce a ba ni wayar, zan yi miki muryar ɗanki sau ɗaya ki ji da kunnenki. Daga nan na binne ta.

Ki gaida kowa. Ki yafe mini.

Jikanki,
Uwaisu Ɗan Azumi, Agege